Ƙafar Malam da Jirgin Legas

Da sunan Allah nake buɗe baki. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa na yi aka rubuta, kuma na ce kar a gyara mani magana. Labarin jinyar maigidana ne, Malam, a daminar da ta wuce. Ina ba da shi ne saboda masu 'ya'ya a nesa, waɗanda ake gaya masu cewa jirgi ya matso da ko'ina kusa.

Mu mutanen Fakuwa ne, cikin ƙasar Kankiya. Malam manomi ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa. Ɗiyarmu Binta tana aure a Kusada. Ɗan farinmu kuwa yana Legas, yana aikin lissafin kaya a wani kamfani. Ba ni faɗin sunanshi. Haka muka tarar a gidanmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ma mutane ta damu da shi. Tun da aka yaye shi kakarshi ta ɗauke shi. Na Legas nake ce mashi. In ya bugo waya, Iro ƙanen Malam ke amsawa. Sai Iro ya ce yana gaishe ni, ni kuma in ce ina amsawa, ina kallon wani wuri. Malam ma gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ba a zurfafawa.

Da ya zo Sallah bara, a jirgi ya zo. Ina cikin gida ina jin shi a zaure yana ba maza labari, wai daga Legas zuwa Kano awa ɗaya da rabi ne a sama, tafiyar da mota ke yi yini da kwana. Iro ya ce to ashe ya fi Binta kusa, tunda ita sai ta jira mai mashin ya gama shan shayi. Aka yi dariya. Ni kuwa na auna abin da abin da na sani. Na ce daga ɗora sanwa zuwa kwashe tuwo ke nan. Wannan magana ta zauna mani a rai, ta kwantar mani da hankali. Ashe ta kwantar ma kowa da hankali, har shi mai maganar.

To, ana nan, ana nan, sai ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga noman farko. Dama tun bazara na ga Malam ya sake. Ƙishirwa ba ta barin shi, randa ba ta kwana da ruwa, buta kullum tana hannunshi. Yana ci yana ramewa. Na yi magana ya ce zafin rana ne.

Wata rana ya dawo daga gona ya zauna zai yi alwala, sai na ga jini a takalminshi. Ƙaya ce ta shiga ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu, ta shige da nisa, shi kuma bai ji ba. Nan ya kamata in ji tsoro. Mutum ya taka ƙaya ya yini yana noma a kanta bai sani ba. Amma sai muka yi ta yaba ƙarfin halinshi. Aka kira wanzami ya cire ƙayar, aka gasa wurin da ruwan zafi, aka shafa man shanu, aka ɗaure da tsumma. Washegari ya koma gona, saboda ciyawa ba ta jiran mai ciwo.

Satin farko wurin bai rufe ba. Sati na biyu yatsa ya kumbura, yana ruwa. Nan fa 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinshi. Wani ya ce a daka ganye a liƙa. Wata ta ce toka da gishiri. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce ba ƙaya ba ce, wani abu aka binne a gonar ya taka. Aka yi tofi, aka sha rubutu, mai kemis ya zo ya yi allurai ya ba da ƙwayoyi ja da rawaya. Ban raina ma kowa ba, don kowa alheri ya nufa. Amma ƙafa dai ba ta ji ba.

Na Legas yana bugowa kusan kullum da yamma. Ina jin Iro yana cewa jiki da sauƙi, ɗan ciwon ƙafa ne, kar ya tayar da hankalinshi. Shi kuma sai ya turo kuɗin magani, ya ce hutu ɗaya gare shi a shekara, ba ya son ya ɓata shi a kan abin da bai kai ba. In abin ya yi tsanani a faɗa mashi, ko da safe aka faɗa zai yi azahar a Kano. Da Iro ya ajiye waya na ce, Iro, wane irin sauƙi kake gani wanda ni ban gani ba? Ya ce, ke dai matar Yaya kin cika tsoro, ai ba a tayar da matafiyi a kan yatsa, ga shi mutumin nan kamar yana bayan gida ne.

A sati na uku wari ya fara. Ba zan kwatanta shi ba. Na dinga turara ɗaki kafin baƙi su shigo, don kar Malam ya ji kunya. Kan yatsan ya yi baƙi kamar an ƙona. Binta ta zo daga Kusada, ta kwance tsumman, ta duba, ta ce ba ta komawa ɗakinta sai an kai Baba asibiti. Ita ta tsaya kai da fata har aka samu mota aka kai shi Kankiya.

A can muka yini a layi. Da aka zo kanmu aka soki yatsan hannunshi aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ma'aikacin ya duba ya sake dubawa, ya tambaye mu tun yaushe Malam ke da ciwon suga. Muka ce ba shi da shi. Ya ce yana da shi, kuma ya daɗe, shi ne ya kashe mashi jin ƙafa. Suka wanke ciwon, suka kwantar da shi 'yan kwanaki, sannan suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, mu wuce babban asibiti a Katsina. Muka sayar da rago da sauran gyaɗar da muka ajiye, muka tafi.

Wanda bai yi jinya a birni ba bai san tsawon yini ba. Layin kati daban, layin biya daban, layin gwajin jini daban, kowane sai ka tsaya kamar shi kaɗai ka zo yi. Binta ke shiga layi, ni ina zaune da Malam. Muka shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya, nan muke ci nan muke sallah. Ruwa in ya taso da iska sai mu naɗe kayanmu mu tsaya a jikin bango. Amma akwai mutanen kirki. Akwai wata nas da ke wanke ciwon nan kullum ba ta taɓa yamutsa fuska ba, tana yi tana ce mashi sannu Baba. Allah ya saka mata da alheri, ya ba ta masu yi mata.

Likitan da ya duba shi ba babba ba ne, bai kai na Legas shekaru ba. Ya danna bayan ƙafar, ya saurara, ya ce jini ba ya kaiwa yatsan, ya riga ya mutu, kuma mutuwar tana hawa sama. Maganarshi ta zauna mani daram, har yau ina jin ta.

"Baba, in ka yarda a cikin satin nan, yatsa ɗaya za mu cire. Za ka taka ƙafarka ka koma gona."

Malam ya juya fuska bango. Can ya ce ba a yanka shi sai babban ɗanshi ya zo ya gani da idonshi, ya ji da kunnenshi. Ya ce Iro ɗan'uwanshi ne, amma gidan nan bayan ranshi a hannun yaron nan yake, ba a rage mashi uba bai sani ba. Likita ya ce to a kira shi maza. Iro ya ce wannan mai sauƙi ne, a jirgi yake zuwa.

Iro ya kira. Ina tsaye ina ji. Ya ce likitoci suna maganar wani ɗan aiki, amma ana ba da magani ana gani, wata kila ma ba sai an yi ba. Na Legas ya tambaya ko ya taho. Iro ya ce to, in ya samu sarari, amma ba abin gaggawa ba ne. Suka ajiye a kan sai ƙarshen wata, in an yi albashi.

Ban ce Iro mugu ba ne. Yana son ɗan'uwanshi, shi ya bar gonarshi cikin ciyawa ya zo ya zauna da mu. Shi dai bakinshi bai saba faɗa ma na nesa mugun labari ba, kamar yadda bakin kowa a garinmu bai saba ba. Kuma a zuciyarshi yana jin ko yaushe abin ya ɓaci, kafin a gama shirya ɗakin aiki yaron ya iso.

Binta ta kira wanta da kanta, ta gaya mashi gaskiya tana kuka. Sai ya sake kiran Iro don ya tabbatar. Iro ya ce, ka san mata, in suka ga jini sai su ce mutuwa. Yaro ya yarda da baffanshi. Wa zai ga laifinshi?

Kwanci tashi, sati ya cika, wani ya kama. Baƙin nan ya bar yatsa ya ci sauran yatsu, ya hau bayan ƙafa. Zazzaɓi ya shiga. Malam ya fara maganar da ba ta kan hanya, yana kiran shanun da muka sayar tun Binta tana ƙarama. In ya dawo hayyacinshi aka kawo maganar aiki, amsarshi ɗaya ce: yaron nan ya zo? Likita ya daina cewa yatsa. Da ya zo zagaye sai ya ɗora hannu a idon sawu.

Wata safiya Binta ta zauna kusa da ni a baranda, ta ajiye waya a cinyata. Ta ce, Inna, duk wanda ya yi magana Yaya zai ce a ba shi Baba Iro. Ke kaɗai ce in kika yi ba zai tambayi kowa ba, don bai taɓa jin kin neme shi ba. Na ce ke ba ki da kunya, so kike a ce na tsufa na lalace? Ta ce a ce ɗin, in dai Baba zai tashi.

Na daɗe ina kallon wayar nan. Mata suna kewaye da ni, wasu 'yan ƙasarmu ne, sun san ko ni wace ce. Na tuna uwata, wadda har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wana a bakinta ba. Sai na ji Malam daga ciki yana nishi. Na ce Binta ta danna.

Da ya ɗauka ya ce, Binta, ya jikin Baba? Na ce ba Binta ba ce. Ya ce to wace ce, don bai gane muryar ba. Ɗan da na haifa bai san muryata a waya ba.

"Lawal, ni ce. Ka taho yau. Ubanka na ruɓewa."

Na miƙa ma Binta wayar. Ta ce ba abin da yake faɗi sai ga ni nan, Inna, ga ni nan.

Na tashi na gyara ma Malam shimfiɗa, na ce mashi yaron nan yana tafe, kafin la'asar yana nan. Har na sa Binta ta sayo fura ta ajiye mashi.

A nan na san abin da ba a faɗa mamu ba. Awa ɗaya da rabin nan gaskiya ce, amma ta cikin sama ce kawai, kuma mutum ba a sama yake kwana ba. Sai da ya je wurin aiki ya nemi izini, mai ba da izinin bai shigo da wuri ba. Da ya samu, daga unguwarsu zuwa filin jirgi ma tafiya ce, motoci sun cushe hanya. Kafin ya isa jirgin Kano na ranar ya cika. Na Katsina kuwa aka ce ba kullum yake tashi ba. Ya sayi tikitin washegari da tsadar da Binta ta ƙi gaya mani. Fura ta yi tsami muka ba wasu.

Washegari ya je filin jirgi da wuri ya zauna. Hadari ya haɗu a Legas, ruwa ya kece. Aka ce su jira. Suka jira. Aka sake cewa su jira. Yana bugowa yana cewa yanzu za a kira su, ni kuma ina gaya ma Malam yana hanya. Har rana ta faɗi, sannan aka ce an ɗage tafiyar sai gobe. A ranar nan likita ya zo sau biyu. Na biyun bai ɗora hannu a idon sawu ba, a ƙwauri ya ɗora. Ya roƙi Malam, ya roƙi Iro. Iro ya ce shi ya yarda a yi, ya durƙusa gaban gadon yana ba ɗan'uwanshi haƙuri. Malam ya ce tunda yaro ya taso, ai saura kaɗan, a jira shi.

Akwai wani ɗan Kunduru mai sayar da albasa a Legas, wanda mahaifiyarshi ke kwance a ɗakin mata. Rana ɗaya aka kira su shi da na Legas. Shi ba shi da kuɗin jirgi, ya je tasha ya hau babbar mota. Ina zaune a baranda sai ga shi ya shigo da jakarshi a kafaɗa, ƙafafu a kumbure, yana tambayar ina ɗakin mata. Mai mota ya iso, mai jirgi yana can zaune a kan kujera yana kallon ruwa. Ban yi kuka ba tun da aka fara jinyar nan sai a lokacin.

A rana ta uku jirgin ya tashi. Na Legas ya ce mani daga baya ko ruwan da aka ba su bai gama sha ba aka ce a ɗaura ɗamara za a sauka. Amma Kano ba Katsina ba ce. Ya jira kaya, ya nemi abin hawa zuwa tasha, ya tarar mota ba ta cika ba, ya biya kuɗin sauran kujerun don a tashi, saboda a zamanin nan ba mai son dare ya same shi a hanya. Ya wuce ta Kankiya bai tsaya ba. Ana kiran magariba ya shigo asibiti.

Bai gaishe da kowa ba sai da ya ɗaga zanen da aka rufe ƙafar. Ya duba, ya mayar, ya fita waje. Da ya dawo idonshi ya yi ja. Ya tsuguna ya ce, Baba, a yi. Malam ya ce to. Shi ke nan, maganar da aka yi sati biyu ana nema, ba ta fi haka ba.

Da safe aka shiga da shi. Ƙasa da gwiwa kaɗan suka yanke. Likita ya ce mun yi sa'a dafin bai gama shiga jini ba, da an ƙara ko kaɗan da ba ƙafa muke magana ba. Bai tuna mamu maganar yatsa ba, Allah ya yi mashi albarka, amma kowa a wurin ya tuna. Na Legas da Iro ba su yi faɗa ba. Yaro ya ce, Baba Iro, da ka gaya mani. Iro ya ce, kai ka ce kana kusa. 

Mun yi kusan wata kafin a sallame mu. Na koyi wanke dungun, na koyi abin da zai ci da wanda ba zai ci ba. An hana shi fura da suga, an rage mashi tuwo, kullum da allura. Na Legas ya ci hutunshi duka har ya ƙara, shi ke ɗaga uban ya kai shi bayan gida. Na gode ma Allah da ya bar mani Malam da rai. Na gode ma masu dubiya da waɗanda suka yi mamu gayya suka nome gonar. Amma godiya ba ta hana ni faɗin gaskiya. Duk wanda ya ga tsoho yana yawan shan ruwa yana ramewa, a kai shi a auna jini. Duk ciwon ƙafar da mai shi bai ji zafinshi ba, a ji tsoronshi. Kuma in kuna da ɗa a nesa, kar ku auna nisanshi da tafiyar jirgi. Ku sa da neman izini, da layi, da hadari, da motar da ba ta cika ba. Ku gaya mashi gaskiya tun tana ƙarama. Ita kunya abin gado ce, ban ce a yar ba, har yau ban sake kiran sunan nan ba. Amma akwai ranar da ake ajiye ta.

Saura abu ɗaya. Ranar da aka yi aikin, ma'aikata suka fito da ƙafar a naɗe suka tambayi wa zai karɓa, don ba a yar da jikin Musulmi. Na Legas ya miƙa hannu biyu. Ya sayo farin yadi aka naɗe ta, ya ɗauki shatar mota, ya riƙe ta a cinyarshi tun daga Katsina har Fakuwa. Shi da liman da mutum biyu suka kai ta maƙabarta suka rufe.

Ba mu gaya ma Malam ba, shi ma bai tambaya ba, sai bayan mun dawo gida, ranar da ya fara iya tsayawa da sanduna. Ya kai bakin zaure da ƙyar, ya tsaya yana kallon geron maƙwabta da ya fitar da kai. Sai ya kira yaron ya ce ina aka sa ta. Ya ce mashi gabas da kabarin Kaka, kusa da aduwa. Malam ya tambaya ko akwai fili a gefen. Ya ce akwai.

"To ka sa alama," in ji Malam. "Kuma ranar, duk inda kake, kar a jira ka."